Abin da Inna Ta Faɗa wa Kwalba

Ranar addu'ar bakwai ta Inna ina cikin ɗaki ina naɗe tabarmi, sai na ji Bilkisu a tsakar gida tana ce wa ƙannenta, "Ni dai har Inna ta rasu ban taɓa jin ta kira sunan Mama ba. Anya tana son ta kuwa?" Ban fito ba. Kun san halina, inda magana ta fi nauyi nan bakina yake mutuwa. Amma tambayar ta zauna mini a ƙirji, kuma tunda alƙalami ya fi harshena ƙarfin hali, ga amsar na rubuta muku, ku da 'ya'yan da za ku haifa.

Ni ce 'yar farin Inna. Ita Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Babban Duhu, Baba kuwa Bahaushe ne manomi a Karare, kuma a gonarsa suka haɗu, shekarar da danginta suka sauka da shanu bayan girbi don su ci kara su bar masa taki. Ana yaye ni Iya, mahaifiyar Baba, ta ɗauke ni zuwa sashenta. Danga ɗaya ce tsakanin ɗakin Iya da na Inna, amma a wurina ta fi dutse kauri. Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, Hausawa ma suna yi, sai dai ta Inna irin ta ruga ce, wadda ba ta da ranar hutu. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta taɓa ce mini "ke" ba. In tana da magana da ni sai ta ba wanda ke kusa: a ce wa ta wajen Iya tuwo yana hucewa. In babu kowa kusa, akwai akuyarta Kyalla da ke ɗaure a turke bakin madafi, sai ta dube ta ta ce,

"Kyalla, in akwai mai zuwa makaranta a gidan nan, ga fura can a ƙwarya, an sa nono da yawa."

Akuyoyi uku suka yi wannan aikin a rayuwata, uwa da 'ya da jika, duka sunansu Kyalla. Ni ma haka na tashi, ban iya yi mata magana kai tsaye ba. Sai in sha furar in ce wa akuya an gode.

Bayana Inna ta haifi shida. Uku amosanin jini ya tafi da su tun suna ƙanana, wanda asibiti ke kira sikila. Kawunku Buba ma da shi aka haife shi, amma shi ya ƙi tafiya. In sanyi ya shigo ya kwanta yana murƙususu, ƙasusuwa kamar ana sara, in ya miƙe kuma babu wanda ya kai shi baki a Karare. Ni ban da baki, sai littafi. Ina ganin tambayar da ta kai ni jami'a ke nan, ko da yake ban san na riƙe ta ba: me ya sa ciwo ɗaya, uwa ɗaya, uba ɗaya, wani ya mutu bai yi wayo ba, wani kuma ya kai ga gemu?

A shekarata ta ƙarshe sai ga wata likita 'yar kudu, Dakta Ngozi, da wannan tambayar tawa a hannunta. Ta ce wataƙila amsar tana cikin ƙwayoyin gado, abin da ake kira DNA, rubutun da kowa ke karɓa rabi daga uwa rabi daga uba, wanda ke cikin jini da gashi har da yawun baki. Tana son ta tattara yawun iyaye mata da 'ya'yansu a gidajen da ciwon yake, ta fara daga Karare, ta wuce Runka da Babban Duhu. Lokacin hanyoyin nan lafiya lau suke, ana hawa mashin ko a-kori-kura ba tare da an bar wasiyya ba. Ta ɗauke ni ne don ni 'yar gida ce, ina jin Fulatanci gwargwado, kuma ta lura ba na rufe abu sai na duba shi sau biyu. Aikin ba allura. Wata 'yar kwalbar roba ce kamar yatsa, da layi a jikinta. Mutum ya tofa har ya kai layin, a rufe murfi, wani ruwa ya sauko ya tsare yawun kada ya lalace, a liƙa lamba, a sa cikin akwatin sanyi. Dokokin kuwa na haddace su kamar karatun allo. Ba a ci ba a sha ba a tauna goro kafin a tofa. Sai an yi wa mutum bayani ya yarda da bakinsa. Lamba ake rubutawa a kwalba, ba suna ba. Kuma ba za a nemi komai a cikin yawun mutum ba sai abin da aka gaya masa za a nema.

Maza ba su ba mu wahala ba. Mai gari ya yarda, liman ya ce neman magani ba ya karo da addini. Aka tara mata a tsakar gidan mai gari, na miƙe na yi bayani, idona a ƙasa. Na gama na zauna. Sai Gwaggo Tabawa, tsohuwar ungozoma wadda rabin garin ita ta yanke musu cibi, ta cire goro daga kunci ta ce,

"Zulai, boko ne ya mantar da ke ko rainin hankali ne? Mu da in an yi mana kitso muke tsince gashin mu binne, in mun tofar mu tura ƙasa da ƙafa mu rufe? Da jini kuka ce ma da sauƙi, asibiti sun saba ɗiba. Yawu fa da shi ake tofi, da shi ake sammu, da shi uwa ke sa albarka. Shi za mu ɗura a kwalba mu ba baƙuwa ta shiga mota da shi?"

Na ce ba za a yi komai da shi ba sai binciken ciwon. Na ce kuma ban yi alkawarin magani gobe ba, wataƙila sai jikoki za su amfana.

"To madalla," in ji ta. "Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Gidanku ma akwai ciwon. Ki je ki fara da uwarki. Ranar da Dije ta tofa, mu ma mu tofa."

Matan suka kwashe da dariya, don duk sun san abin da ta yi. Ta aike ni ne wurin mutum ɗaya tak a duniya da ban iya buɗe wa baki ba.

Washegari muka je da Dakta. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, suka gaisa doguwar gaisuwa da 'yar Hausar da Dakta ta tsinta a asibiti. Sannan Inna ta zauna a karkace tana tsince tsakuwa daga gero a faifai, fuskarta wajen turke. Ni ke da tambayoyi, ita ke da amsa, tsakaninmu bai fi kamu biyu ba, amma sai da aka nemo tafinta. Buba ya zauna tsakiya yana gyara hula kamar alƙali.

"Inna, malamar jami'a tana gaisuwa, ta ce haihuwa nawa aka yi?"

"Shida," in ji Inna. Ta lissafa su tana jefar da tsakuwa ɗaya ɗaya. "Amadu, Allah ya jiƙansa. Ladi, Allah ya jiƙanta. Kai. Shatu. Iro, Allah ya jiƙansa. Sai Auta."

"Inna, a sake ƙirgawa dai, kamar akuya ta ci ɗaya."

"Shida na ce."

Na juya wa Dakta amsar yadda take, ban ƙara ban rage ba, don haka doka ta ce. Na ga ta dube ni, ta dubi Inna, ta sake dubana. Da aka zo kan kwalba, Inna ta saurari bayanin duka daga bakin Buba, har da barkwancin da ya ƙara na kansa, sannan ta ce,

"Kyalla, a ce wa baƙi yawu ba ruwan randa ba ne. Sai na yi tunani."

Da muka fito, Dakta ta ja ni gindin ɗorawar da muka ajiye mota. Mutuniyar kirki ce, kuma da kirki ta yi maganar. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari, ta gyaɗa kai, ta ce ta gane. Amma ta ce ta shiga gidaje da yawa a aikin nan, ta ga inda al'ada take rufe wani labari daban, yaron riƙo ko maraya da aka ɓoye wa asalinsa don tausayi. Ta ce in na sa yawuna kusa da na Inna, na'ura za ta nuna ko ita ta haife ni, ko na so ko ban so ba, don haka in yi tunani kafin in tofa.

Gargaɗi ta yi mini, amma ni ƙofa na gani a buɗe. Ku fahimce ni, kowa a Karare ya san ni ɗiyar Dije ce, Iya ta faɗa, Baba ya faɗa. Sai dai ni baƙa ce kamar Baba, ƙannena mata kuwa sun ɗebo hasken Inna da dogon hancinta, kuma tun ina ƙarama yara ke tsokanata da ɗiyar Iya. Ni kuma mutum ce da ba ta yarda da abu sai ta ji daga tushe, ga shi tushen ya ƙirga shida a gabana. Na ɗauki kwalba ɗaya na sa a jakata. Kwanaki ina yawo da ita, in taɓa ta in ji sanyin robar. Abin da zuciyata ke nema tun ina shan fura a bakin danga, ga shi na'ura za ta ba ni ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Abin da ya tsayar da ni maganar da na yi ce a gaban matan garinmu. Na ce ba za a nemi komai a yawunsu ba sai ciwon. In Inna ta tofa don Buba, ni kuma na bi ta bayan gida na tambayi yawunta abin da bakinta ya ƙi faɗa, to Gwaggo Tabawa ta yi gaskiya ke nan, an ba baƙuwa yawu ta yi sammu da shi, kuma baƙuwar ni ce. Na mayar da kwalbar cikin kwali. Na ce wa Dakta in Inna ta yarda, a ɗauki gidanmu ban da ni. Ta ce kash, babbar 'ya mai lafiya kusa da ƙane mai ciwo ita ce irin abin da binciken ya fi buƙata, amma ba ta matsa ba. Na koma sashen Iya na zauna da sanin cewa haka zan ƙare rayuwata, da amsar kowa ban da tata.

Ban san Buba yana kwance a bayan motar yana shan inuwa ba ranar da muka yi magana a gindin ɗorawa, kuma shi na gaya wa dalilina da ya ga na mayar da kwalba. Daga baya ya ba ni labarin yadda ya kai saƙon, da gishirinsa.

"Na ce mata, Inna, likita fa ta ce Yaya Zulai tsintacciya ce, a kasuwar Batsari aka same ta cikin buhun gyaɗa. Na ce ga na'ura za ta raba gardama, amma Yaya ta ƙi, wai ba za ta saci yawunki ta yi masa tambaya ba."

"Me ta ce?"

"Ƙwarya ɗaya ta yi ta wankewa har na gaji na tashi."

Da hantsi washegari na ga kokon Inna a rufe ba ta taɓa ba, goronta ma yana ƙulle a bakin zane. Ashe ta riƙe dokar tun ranar farko. Ta aiki Auta ta kira Gwaggo Tabawa, ta sa Buba ya kira Dakta. Da suka zauna ta ce,

"Kyalla, a kawo kwalbar."

Na kawo, na buɗe, na miƙa ta gefe yadda muka saba, na tsuguna kusa da murfin a hannuna. Na zaci za ta tofa ne kawai. Sai ta juya ta fuskanci gabas, ta ja mayafi ya rufe rabin fuskarta, ta kai kwalbar bakinta da hannu biyu, ta yi bisimilla. Ta karanta Fatiha ta yi tofi a ciki. Ta karanta Ƙulhuwallahu ta yi tofi. A wurinta yawun da zai bar gida ba zai fita tsirara ba, sai an tufatar da shi da addu'a. Dakta ta dube ni da tambaya, na yi mata alama ta bari. Sai Inna ta fara kiran 'ya'yanta a cikin kwalbar, murya ƙasa ƙasa, kowane suna da tofinsa, amma wannan karon daga ƙasa ta faro. Auta. Iro. Shatu. Buba, ta daɗe a kan Buba. Ladi. Amadu. Ta tsaya. Na ji tana numfashi. Na miƙa hannu zan karɓa, don a lissafina an gama.

"Da Zulaihatu," in ji ta a cikin kwalbar. "Afo am."

Da Fulatanci, 'yar farina ke nan. Ta yi tofi.

Ban taɓa jin sunana da nauyi haka ba. Ba Zulai ta ce ba, cikakkensa ta faɗa, yadda aka raɗa mini shi. Gwaggo Tabawa, wadda kunnenta ba ya tsufa, ta tafa hannu.

"Dije, yau kuma? A gaban mutane?"

"Da kwalba nake magana," in ji Inna.

Ta miƙo ta gefe ba ta waiwayo ba. Na karɓa. Ya kamata in yi kuka, ko in faɗi wata magana da za a riƙa tunawa. Amma ni ce dai uwarku. Na ɗaga kwalbar wajen haske, na ga tofi feshi ne kawai, ɗan danshi a gindi, sai na ji bakina ya buɗe da kansa, kuma ba akuya na duba ba.

"Inna, bai kai layi ba."

Maganata ta farko ke nan da mahaifiyata kai tsaye. Buba ya kife a tabarma yana dariya har da riƙe haƙarƙari. Inna ta juyo gaba ɗaya ta dube ni, ido cikin ido, ranar na san akwai wani ɗan tabo a farin idonta na hagu. Bakinta yana son yin murmushi tana hana shi.

"Ke dai da layinki," ta ce. "Miƙo."

Ta cika ta har layi, ta ɗan wuce ma. Gwaggo Tabawa ta dafa gwiwar Dakta ta ce ta rubuta bakwai, ita ta yanke cibin da hannunta, kuma yarinyar ta zo da gardama, sai da ta duba duniya sau biyu kafin ta fito. Inna ta riga ta koma ga faifanta, amma ta ƙara da cewa,

"Kyalla, a ce wa likita wadda aka fara ƙirga daga kanta ba ta shiga ƙirga."

Na rufe murfin, ruwan ya sauko ya gauraya da yawun da addu'ar da sunana. Ba zan ɓoye muku ba, na so in sa kwalbar nan a jakata in ce ta fashe. Ita kaɗai ce wurin da Inna ta taɓa ajiye sunana. Amma don Buba ta tofa, ba don in yi ajiya ba. Na ɗauko lamba na liƙa, daidai, ba karkace. Ita kunya ta hana ta kiran sunana, ni kuma doka ta hana ni rubuta nata, sai muka yi canjaras. Na sa ta a akwatin sanyi na rufe. Daga nan na ɗauko wata na tofa nawa, tunda yanzu babu abin da zan sata. Har yau ban tambayi abin da na'ura ta ce a kanmu ba.

Gwaggo Tabawa ce ta biyo bayanmu, bayan mun jira goronta ya wuce tana zaginmu. Sauran matan suka biyo, kuma babu wadda ta tofa ba tare da addu'a da sunayen 'ya'yanta ba, rayayyu da matattu. Aikin da muka shirya wa safiya ɗaya ya ci mana kwanaki, Dakta ta koyi zama da hannu a cinya tana jira, har tana cewa amin. Kafin mu isa Runka labari ya riga mu, a Babban Duhu kuwa dangin Inna suka tarye mu da nono suna cewa ga masu kwalbar addu'a. Binciken bai warkar da Buba ba, dama ban ce zai warkar ba. Tubali ɗaya ne a ginin da wasu ke ci gaba da yi. Shi dai ga shi nan da furfura a gemu, yana ba ku labarin buhun gyaɗa.

Inna ba ta sake kiran sunana ba, ba ta sake ce mini "ke" ba. Washegari ma Kyalla aka gaya wa akwai fura. Da rashin tsaro ya tashi garuruwanmu muka ɗauko ta zuwa birni, babu turke babu akuya, sai ta sami wata Kyallar. Ke ce, Bilkisu. Ki tuna saƙonnin da kika riƙa kawo mini kina turo baki. A ce wa ta wajen Iya ta bar karatun nan ta ci abinci. A ce wa ta wajen Iya akwai sanyi, ta sa rigar kirki. A ce wa ta wajen Iya na ji tarinta. Shekaru kina ɗauke da amsar tambayarki daga ɗaki zuwa ɗaki.

Na kuma san ba a kan Inna kaɗai kika yi tambayar ba. Na san kin lura ƙannenki ina kiransu da sunansu, ke kuwa sai dai in ce Yayarku, ko in ce wa ƙofa a zo a ci abinci. Na yi boko, na yi aikin ƙwayoyin gado shekara da shekaru, amma wannan gadon ban ga na'urar da ke cire shi ba. In kin gama karantawa kada ki zo ki same ni da maganar, ba zan iya ɗaga kai ba. Ki koma farko kawai ki duba sunan wa na fara rubutawa.

Bilkisu. Afo am. Da takarda nake magana.